Mashin ɗina ba ya tashi da safe sai an tura

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ina neman shawara a kan mashin ɗina, abin ya kai ni maƙura. Roba-roba ne mai 110, shekararsa 4 a hannuna, yana da sitata yana da kik. A Samaru nake zaune, ina koyarwa a wani ƙauye ta hanyar Giwa, kuma kusan rabin hanyar burji ce. Tun da sanyin nan ya shigo, da safe sai in buga kik ya fi sau 30 bai ce uffan ba. Wani lokaci ya yi kamar zai kama, sai ya yi atishawa ta kafireto ya mutu. Dole sai yaran maƙwabta sun tura ni, ni kuma na danne giya da ƙafa, in sun ɗauki gudu na sake, sannan ya tashi. In ya ɗauki zafi kuwa shi ke nan, duk yinin ranar bugu biyu ko uku ya ishe shi.

Na canza fulogi sau 3. An wanke kafireto sau 2. Makon jiya aka ce CDI ne, ɗan akwatin nan da ke sarrafa wutar fulogi, na saya aka sa, washegari da safe kamar ba a taɓa shi ba. Makon nan sau 3 ina makara, ina isa in tarar da 'yan aji huɗu sun takure a cikin sanyi suna jirana. Wannan ya fi kuɗin da na kashe ci mini rai. Wanda ya san abin ya taimaka.

Ɗan Sahu:
Wa alaikumus salam. Malam batir ne. Sanyi yana kashe batir, haka keke na ya yi mini bara. Ka canza ka huta.

Malamin Firamare:
Batir ɗin watansa 5 kacal. Hon yana ƙara sosai, sitata ma tana juya injin, tashi ne dai ba ya yi.

Mai Wayarin:
Ɗan Sahu, ka bar maganar batir a nan. Tunda sitata tana juya inji da ƙarfi, kuma kik ma bai tayar da shi ba, batir ya fita daga zargi. Yawancin roba-roban nan wutar fulogi daga koyil ɗin da ke cikin maganeto take fitowa ta bi ta CDI, shi ya sa za ka ga mashin babu batir sam amma yana tashi da kik. Akwai masu CDI da ke shan wuta daga batir, su kam in batir ya mutu sun mutu. Malam, leƙa soket ɗin naka, waya nawa ne a ciki?

Malamin Firamare:
Biyar ne. Akwai kore, akwai baƙi da ja, baƙi da fari, baƙi da rawaya, sai wani shuɗi da fari.

Mai Wayarin:
To irin na maganeto ne. Baƙi da ja shi ke kawo wuta daga koyil, shuɗi da fari shi ke faɗa wa CDI lokacin da zai saki wutar, baƙi da rawaya ya tafi koyil ɗin fulogi, kore na ƙasa ne, baƙi da fari kuma shi ke kashe mashin in ka murɗa makulli. Gobe da safe, tun bai ɗumama ba, ka ciro fulogi ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina zarensa a jikin inji nesa da ramin da ya fito, ka kunna makulli ka buga kik. Ka yi a inuwa don ka gani da kyau. Wuta shuɗiya mai ƙara ƙyas-ƙyas ita ake so. In ja-ja ce ko rawaya mai rauni, ko tana zuwa tana ɗaukewa, ka gaya mini. In babu wuta sam, ka zare baƙi da farin nan daga soket ka sake gwadawa, domin gidan makulli yakan lalace ya riƙa kashe wutar da kansa.

Kuma tsohon CDI ɗinka kada ka yar. Ina kyautata zaton lafiyarsa ƙalau.

Ɗan Acaɓan Funtuwa:
Ni fa ina ganin mai ne. Malam a ina kake shan mai? Tun da aka cire tallafi a 2023 mutane da yawa sun koma shan rabin lita wajen 'yan bumburutu, kuma ba kowa ne ke tsoron Allah ba, wani kananzir yake haɗawa. Fetur mai kananzir da safe ba ya kamawa, sai inji ya yi zafi. Ku tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai yawan metanol, motoci nawa suka tsaya a Legas da Abuja?

Na Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan isansi, wato fetur, na kwalba shi muka fi sha, don haka mun san wannan matsala. Malam, ku samu kwalba fara mai tsabta. Ƙarƙashin kafireto akwai ɗan sukuru na zubar da mai, ku sassauta shi ku tari abin da ya fito. Ku aje kwalbar minti 5. In da ruwa za ku gan shi ya kwanta ƙasa kamar ƙwayar ido, isansi na bisa. In da tsatsa ko yashi shi ma za ku gani. Kuma ku duba buji, wato fulogi, bayan kun buga kik da yawa: a jiƙe yake ko a bushe? In a bushe yake, mai bai iso ba. In a jiƙe yake, mai ya iso, ƙonewa ce bai yi ba.

Malamin Firamare:
Na gode ƙwarai. A gidan mai nake sha, sai dai in ya yanke mini a ƙauye. Zan gwada duka biyun gobe in sha Allahu.

Anti Nas:
Ku yi haƙuri in shigo da nawa tunda masana sun hallara. Nawa in na danna sitata sai ya yi ƙat, ƙat, shi ke nan, injin ba ya juyawa. Da kik yana tashi, amma in na fito daga aikin dare ga gajiya ga doguwar riga, kik ɗin nan wahala ne.

Mai Wayarin:
Anti, naki kam Ɗan Sahu zai iya cin gaskiya. Ƙat ɗin da kike ji rile ne, ɗan makunnin da ke tura wa sitata wuta, yake kamawa amma wutar ba ta isa ta juya sitata ba. Kafin ki sayi batir, a buɗe a duba kawunansa. In kin ga farin gari ko kore-kore a kai, a kankare a ɗaure da kyau, sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. In ba haka ba a sa mita: cikakken batir a kashe yana nuna wajen 12.6, in ya sauka ƙasa da 12 ya yi sanyi. Mashin na aiki an ɗan ja totur ya kamata ya hau 13.5 zuwa 14.5. In bai hau ba, caji ne ba ya yi, ko sabon batir kika sa sati biyu zai kwanta.

Baba Bakanike:
Salamu alaikum. Na karanta duka tun daga sama. Malam, ina da tambaya uku, ka amsa mini su kafin ka sake sayen ko da noti ne.

In ka taka kik da safe, yaya kake jin sa a ƙafarka? Yana turjewa kamar da, ko yana zarcewa ƙasa salalau?

Injin yana da ƙara a da, ɗan ƙaf-ƙaf daga wajen kai? Yanzu fa?

Kafin wannan ciwo ya fara, akwai wanda ya buɗe murafun nan biyu masu zagaye da ke kan injin?

Malamin Firamare:
Baba, barka da dare. Wallahi yanzu da ka faɗa na lura, kik ɗin ya yi laushi, har da hannu ina iya danna shi. A da sai na ɗora nauyina. Maganar ƙara kuma, e, yana da ita. Wajen ƙarshen damina na kai shi canjin baƙin mai, na ce wa yaron garejin ƙarar nan tana damuna. Ya buɗe murafun ya ɗaure wani abu, nan take ƙarar ta ɗauke, injin ya yi shiru kamar sabo. Har na ƙara masa wani abu a kan kuɗinsa don na ji daɗi.

Baba Bakanike:
Da zafinsa ya ɗaure ko ya bari ya huce?

Malamin Firamare:
Daga hanya na zo, ko minti 10 ban yi ba.

Baba Bakanike:
To Malam, ina zaton mun kama ɓarawon, amma bari in yi maka bayani don ka gane da kanka, kada ka ɗauka don na faɗa ne kawai.

Inji abu uku yake nema kafin ya tashi: mai, wuta, da matsi. 'Yan'uwa sun yi maganar biyu, kuma duk abin da suka faɗa daidai ne. Na ukun ne aka manta, shi ne kuma aka fi mantawa a gareji, saboda ba a sayar da shi a shago. Fistin in ya taso sama dole ya matse iska da mai a wuri rufaffe. Masu rufe wurin su ne bawul biyu, na shiga da na fita. Tsakanin kan bawul da ɗan ƙarfen da ke danna shi akwai 'yar tazara da aka bari da gangan. A irin injinka, wanda asalin zanensa na Honda Super Cub ne da ya fito tun 1958, tazarar 0.05 ce ta milimita, kuma inji na sanyi ake auna ta. Siririya ce ƙwarai, ba ta kai kaurin takardar littafin ɗalibanka ba. Ɗan ƙaf-ƙaf ɗin da kake ji, muryar wannan tazara ce. In ta yi yawa ƙarar takan yi yawa, gaskiya ne, sai a rage. Amma in aka ɗaure har ƙara ta ɗauke ɗungurungum, an cinye tazarar ke nan, bawul ba ya komawa mazauninsa ya zauna daram. Kullum a ɗan buɗe yake.

Shi ya sa kik ya yi laushi, matsin yana tsiyayewa. Shi ya sa yake atishawa ta kafireto, wutar tana samun hanyar komawa baya ta bawul ɗin shiga. Shi ya sa kuma turi ke tayar da shi: kik juyi kaɗan yake ba inji a hankali, iskar ta samu lokacin gudu, amma turi yana juya shi da sauri ba tsayawa har ya kama. Da zafi lokacin bazara da ƙila ba ka lura sosai ba. Hunturu ne ya tona asirin, don fetur ba ya tashi ya gauraya da iska da kyau in gari ya yi sanyi, sai raunin ya bayyana.

Ɗan Acaɓan Funtuwa:
Baba, da girmanka, amma kik mai laushi ai ringin fistin ne. Mashin shekara 4 a hanyar burji? Ringi ya cinye. A sauke inji kawai a sa fistin da ringi, a huta gaba ɗaya. Ni duk shekara nake yi wa nawa.

Baba Bakanike:
Ɗana, zai iya zama ringi, ban musa ba. Amma kai kana yini a kan mashin, shi zuwa makaranta ne da dawowa. Kuma ringi in ya cinye yakan nuna kansa: hayaƙi fari mai shuɗi-shuɗi a salansa, baƙin mai yana raguwa, fulogi yana fitowa da maiƙo. Malam, kana ganin waɗannan?

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A kashe makulli, a cire fulogi, a toshe ramin da babban yatsa, wani ya taka kik. Lafiyayyen inji zai ture yatsan da ƙarfi, fus! Ba ka iya riƙe shi. In ka riƙe shi ba wahala, matsi ya yi ƙasa. Sai a zuba baƙin mai kamar ƙaramin cokalin shayi a ramin, a taka kik sau biyu uku, a sake toshewa. In ƙarfin ya dawo, ringi ne, domin man ya liƙe gefen fistin na ɗan lokaci. In bai canza ba, ta sama yake zuba, bawul ne. Don me za a sauke injin mutum a ci masa rabin albashi kafin a yi wannan?

Ɗan Sahu:
Kafin a gyara, Malam ka riƙa ɗiga fetur a ramin fulogi, ko ka gasa fulogin a wuta ka mayar da zafinsa. Yana tashi nan take.

Mai Wayarin:
Don Allah a'a. Mutum a tsakar gida da asuba, ga fetur a murfin jarka ga wuta a gefe, ga yara suna kai da kawowa. Na ga wanda gwajin wutar fulogi kawai ya yi kusa da ramin bayan ya ɗiga fetur, wuta ta tashi ta lashe masa gira da hannun riga. Ya ja cok, ya bar totur a rufe, ya taka. In bai tashi ba a tura shi. Kwana ɗaya ne ya rage.

Malamin Firamare:
Jama'a barkanmu da safiya. Bayan sallar asuba na yi duk gwaje-gwajen, ƙanina ya riƙe mini tocila.

Wuta: shuɗiya ce, tana ƙyas-ƙyas kowane bugu.
Mai: na tara a kwalba, babu ruwa, ɗan ƙura ne kaɗan a ƙasa. Fulogi kuma a jiƙe ya fito yana warin fetur, babu maiƙo.
Yatsa: na toshe, ƙanina ya taka, iskar da na ji ba ta fi ta hura balan-balan ba. Na zuba baƙin mai na sake, duk ɗaya.
Hayaƙi kuma ba ya yi, sai na baƙin man da na zuba yau bayan an tura.

Ɗan Acaɓan Funtuwa:
To na sallama, Baba ya fi ni gani. Amma a sa reza a saita, haka ake yi mana a nan, minti 5 an gama.

Baba Bakanike:
Reza ta fi kunne, amma kaurinta wajen 0.10 ne, ninki biyu na abin da ake so. Da ita mashin zai tashi, sai dai ƙarar za ta dawo da yawa, Malam ya sake jin haushi, wani yaron ya sake ɗaurewa, a koma gidan jiya. Filageji ba shi da tsada, masu kayan gyara suna da shi, wasu siraran ƙarafa ne a haɗe kamar mafici kowanne da lambarsa.

Malam, ga yadda za a yi, ka tsaya a kai ko da ba kai za ka riƙe sifana ba. Ka kai mashin da yamma ya kwana a garejin, ko ka tura shi can da safe ba tare da ka tayar ba. A buɗe murafun biyu da sifana 17. A gefen hagu a juya maganeto har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin inji. Kada a ɗauki F, ita ta wuta ce. T tana zuwa sau biyu, wadda ake so ita ce bayan bawul ɗin shiga ya buɗe ya rufe. A nan ya kamata ƙarafan biyu masu danna bawul su ɗan yi motsi in ka kama su da yatsa. A sassauta noti da sifana 9, a zura 0.05, a juya ɗan sukurun har ka ji ƙarfen yana ja kaɗan kamar ana zare takarda daga cikin littafi. A riƙe sukurun a ɗaure noti, sannan a sake aunawa, don wajen ɗaurewa yakan gusa.

Kuma ka ce su buɗe gidan iyakilina, inda soson da ke tace iska yake, a gabanka. Ɗan ƙurar da ka gani a kwalba da hanyar da kake bi sun sa ina son sanin halin da soson yake ciki.

Anti Nas:
Ni dai nawa ya warke. Kan batir ɗaya ya yi fari fat kuma notin ya saki. Mai gadinmu ya kankare da 'yar wuƙa ya ɗaure, yanzu dannawa ɗaya. Allah ya saka da alheri.

Malamin Firamare:
Alhamdu lillahi. Jiya Asabar na tura shi garejin wani dattijo kusa da mu, na sayi filageji da kaina na tafi da shi. Da aka kawo T, bawul ɗin shiga ko motsi ba ya yi, 0.05 ta ƙi shiga sam. Bawul ɗin fita yana da 'yar tazara amma shi ma bai kai ba. Aka saita su. Ina taka kik na ji ya turje mini kamar shekarar da na saye shi. Bugu na biyu ya tashi.

Iyakilina kuma, Baba, abin ba kyan gani. Soson ya ruɓe, gefe ɗaya ya ɓurme, ina taɓa shi yana marmashewa a hannuna. Cikin robar da ke zuwa kafireto na shafa yatsa ya fito jawur da ƙasar hanya. Sau biyu ana wanke kafireto ba wanda ya leƙa wurin, ni ma ban taɓa tambaya ba. Na sa sabo. Tsohon CDI ma mun mayar don gwaji, yana aiki lafiya, na ajiye sabon a gida.

Yau da asuba cikin sanyin nan na ja cok, bugu ɗaya. 'Yar ƙarar ta dawo kaɗan, na bar ta.

Na Maraɗi:
Barka Malam. Ni ma moto na ya yi shiru da yawa kwanan nan, gobe zan sa a auna.

Baba Bakanike:
Madalla. Amma saura abu ɗaya, kada ka saki jiki tukuna. Ƙurar da ta wuce ta soson nan ta bi ta kan bawul ɗin shiga, kuma ƙura tana cin bakinsa kamar fayil. Bakin in ya ci, bawul yana nutsewa cikin mazauninsa, tazarar ta sake rufewa da kanta ko ba wanda ya taɓa. Bawul ɗin fita kuma da ya yi watanni a matse, zafi yakan ƙona gefensa, don sai ya zauna daram yake sauke zafinsa a jikin kai. Saboda haka bayan sati 3 ka sake aunawa da sanyi. In 0.05 tana shiga yadda aka bar ta, ka tsira, sai ka riƙa dubawa duk bayan canjin baƙin mai biyu ko uku. In ta sake matsewa, kai kaɗai za a cire a canza bawul a goga mazauninsa, ba sai an taɓa fistin ba.

Soson kuma, har hunturu ya wuce, duk sati biyu ka ciro shi ka wanke da kananzir, ka matse a tafin hannu kada ka murɗa, ya bushe, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka sake matsewa kafin ka mayar.

Malamin Firamare:
Na rubuta ranar a bangon rajistar aji, Baba. Sati 3 in sha Allahu zan dawo in faɗi abin da filageji ya nuna. Allah ya ƙara girma.